Me ya sa furen wardina ke sunkuyar da kai bayan kwana biyu?

Tambaya: Wata baiwar Allah daga Kano ta ce maigidanta ya kawo mata ƙunshin furen wardi daga Abuja. Ta zuba ruwa a kwalbar gilashi, ta jera su a falo, amma cikin kwana biyu kawunansu suka sunkuya, ruwan ya gurɓace har yana wari. An ce mata ta jefa ƙwayar asfirin, ta jefa, bai hana komai ba. Ga shi bikin ƙanwarta ya ƙarato, tana son yin ado da furanni masu rai, ba na roba ba. Yaya za ta yi su daɗe?

Amsa: Malama, Allah ya sanya alheri a bikin, ya kai mu lokacin lafiya. Na daɗe ina noman fure ina kuma sayar da shi tsakanin Jos da Abuja, kuma ƙorafin nan naki shi na fi ji daga bakin masu saye. Bari in fara da abin da ya faru da wardinki. Ƙishirwa ce ta kashe shi, alhali yana tsundum cikin ruwa. Idan kika gane yadda hakan ke yiwuwa, sauran bayanin duk zai zo miki da sauƙi.

A cikin karan kowane fure akwai bututu sirara masu ɗimbin yawa, da yawansu sun fi gashin kai siranta, su ke kai ruwa daga saiwa zuwa ganye da kan furen. Tsiro ba shi da zuciyar da za ta harba ruwa sama. Ganyen ne ke fitar da ruwa cikin iska ta wasu ƙananan ƙofofi, wannan fitar kuma ita ke janyo na ƙasa, kamar yadda yaro ke zuƙar lemo da tsinke. Ranar da aka yanke karan, ganyen bai san an raba shi da saiwa ba, yana ci gaba da zuƙa. Idan babu ruwa a bakin yankan, iska zai zuƙa. Kumfar iskar ta shige cikin bututun ta tsaya cak, ruwa ba ya iya ratsa ta. Wardin da ya baro Abuja a kujerar mota, aka shafe awanni ana tafiya da shi ba ruwa, ya iso miki bakin karansa a bushe kuma cike da iska. Kika tsoma shi a haka, sai ya zama kamar an ba mutum ruwa bakinsa a ɗaure.

Abu na biyu, wanda ya fi wancan ɓarna, shi ne ƙwayoyin bakteriya. Warin da kika ji da farin da ruwan ya yi, aikinsu ne. Bakin yankan yana tsiyayar da ruwan jikin tsiron, ganyen da ya nutse yana ruɓewa, ga ɗumin ɗaki, sai su hayayyafa cikin sa'o'i kaɗan. Karan yana zuƙo su tare da ruwan, su taru a bakin bututun su toshe shi. Ki zaro kara ɗaya daga irin wannan ruwa ki shafa ƙasansa da yatsa, za ki ji yauƙi kamar na kuɓewa. Wannan yauƙin shi ne toshiyar. Wuyan wardi kuwa, wato ɗan tsakanin nan da ke ƙarƙashin kan furen, shi ne mafi taushi a karan, bai riga ya zama itace ba, ruwan da ke cikinsa ne kaɗai ke tsayar da shi. Da ruwa ya ragu, nan ne ke fara lanƙwashewa, kai ya faɗo.

To tun ran gini tun ran zane. Awa ɗaya ta farko bayan fure ya shigo gidanki ta fi duk abin da za ki yi masa daga baya, kuma aikin yana farawa ne daga kwalbar, tun ba ki taɓa furen ba. Ki wanke ta da sabulu da soso har ƙasa, ki ɗauraye da ruwan da aka ɗiga wa bilic, irin su Hypo ko Jik, ki sake ɗauraye. Ma'aunina a nan ɗaya ne, shi nake gaya wa yaran shagona: kwalbar da ba za ka yarda ka sha ruwa a cikinta ba, kada ka sa fure a ciki. Mutane da yawa suna zubar da tsohon ruwa su ajiye kwalbar a kan kabad ba wanki, bayan wata uku su ɗauko su zuba sabon ruwa. Ƙwayoyin suna nan manne a jikin gilashin, da sun ji ruwa sun farka. Gilashi da tangaran sun fi sauƙin tsabtacewa. Roba mai karce-karce da tukunyar ƙasa marar shafe suna ɓoye datti a ramukansu. Idan kina son kyan tukunyar ƙasa, ki zura kwalbar gilashi a cikinta.

Sai ki kwance ƙunshin, ki cire ledar da robar da aka ɗaure shi da ita. Ki zage duk ganyen da zai shiga ƙarƙashin ruwa, ko guda kada ki bari. A irin zafin Kano ni har na saman nakan rage, in bar uku ko huɗu kusa da kan, domin kowane ganye ƙofa ce da ruwa ke fita. Ƙayar wardi kuwa ki bar ta in ba dole ba. Kowace ƙaya da kika ɓalle ta bar rauni a jikin karan, rauni kuma ƙofar ƙwayoyin cuta ne.

Yanzu yanka. Ki samu wuƙa mai kaifi ko sabuwar reza ko almakashin lambu, ki datse kamar santimita 3 daga ƙasan karan, tsawon gaɓa ɗaya da rabi ta yatsa ke nan. Idan furen ya yi doguwar tafiya a bushe, ki kai 5. Ki yi yankan a karkace, kamar fiƙar alƙalamin kara, don kada bakin ya zauna daram a gindin kwalba ya rufe kansa. Almakashin ɗinki ko na kicin wanda ya dakushe yana murƙushe bututun ne maimakon ya yanka su, ya fi kyau a guje shi. Da kin yanka ki tsoma nan take, kada ki yanke goma ki jera a faranti sannan ki fara sa su ɗaya bayan ɗaya. Wardin da ya riga ya galabaita nakan yanke shi ne a cikin ruwa, hannuna da wuƙar duka a nutse cikin roba, don kada iska ta sami hanyar komawa. Akwai kuma wata tsohuwar shawara da ke yawo, wai a daddaka ƙasan kara mai tauri da guduma don ya fi shan ruwa. Kada ki yi. Dakakken kara abincin bakteriya ne.

Mu zo kan ruwan, domin nan ne mutane suka fi son jin wani sirri. Ƴar ledar hodar nan da manyan shagunan fure ke haɗawa da ƙunshi abu uku ne a cikinta: sukari, da sinadari mai tsami, da maganin kashe ƙwayoyin cuta. Sukarin yana maye gurbin abincin da ganye ke haɗawa a rana, shi ke sa furen da bai buɗe ba ya buɗe da kyau, launinsa ya fito. Tsamin yana sa ruwa ya fi saurin hawa cikin kara, yana kuma rage wa bakteriya ƙarfi. Na ukun kuwa aikinsa a fili yake. Idan an ba ki wannan leda, ki duba yawan ruwan da aka rubuta a jikinta, yawanci rabin lita ne ko lita ɗaya, ki bi shi daidai. Wanda ya zuba leda ɗaya a bokiti guda ya ba ƙwayoyin cuta sukari, maganin kuma ya tsarma har ba ya aiki.

Idan ba ki da ita, kina iya haɗa naki a kicin. A lita ɗaya ta ruwa ki zuba babban cokali ɗaya na sukari, babban cokali biyu na ruwan lemun tsami da aka tace, da bilic tsakanin kwata zuwa rabin ƙaramin cokali. Ina roƙonki ki kula da abu biyu a nan. Kada ki taɓa haɗa bilic da lemun tsami kai tsaye a kofi, domin haɗuwarsu ba ruwa tana fitar da iskar kulorin mai ƙona huhu. Ki zuba lemun da sukarin cikin litar ruwan ki motsa, sannan ki ɗiga bilic ɗin daga ƙarshe. Na biyu, ruwan nan yana ƙamshin lemo kuma yana da zaƙi, kada a bar ragowarsa a gora inda yaro zai kai hannu. Idan kuwa babu bilic a gidan, to ki manta da sukarin gaba ɗaya. Tsabtataccen ruwa zalla da ake sauyawa kullum ya fi ruwan sukari marar magani nesa ba kusa ba.

Asfirin ɗin da kika jefa yana ɗan tsamama ruwa, amma ba ya ciyar da fure, ba ya kuma kashe bakteriya yadda ake bukata, shi ya sa ba ki ga amfaninsa ba. Haka jefa kwabo cikin kwalba. Lemon kwalba marar launi, irin su Sprite da 7Up, shi yana da ɗan amfani tunda sukari ne da tsami: kashi ɗaya nasa, kashi uku ruwa, da ɗigon bilic. Irin ruwan ma yana da tasiri. Wasu rijiyoyin burtsatse ruwansu na da gishiri ko kanwa-kanwa, irin wanda sabulu ba ya kumfa a cikinsa, kuma fure ba ya jin daɗinsa. Idan naku haka yake, ki yi amfani da ruwan leda ko ruwan sama mai tsabta. Ba kuɗi ne mai yawa ba a kan abin da aka kashe wajen sayen furen.

A ƙasashe masu sanyi ana cewa a sauya ruwa duk bayan kwana biyu ko uku. A Kano, musamman da bazara, kullum ne. Ki zubar, ki wanke kwalbar, ki ɗauraye ƙasan karan har yauƙin ya fita, ki zuba sabo. Duk bayan kwana biyu ki ƙara datse santimita ɗaya ko biyu. Duk furen da ya mutu a cikinsu ki zare shi, kada tausayi ya sa ki bar shi ya lalata sauran.

Yanzu bari in daɗe kaɗan a kan zafi, domin shi ne bambancinmu da mutanen da ke rubuta yawancin shawarwarin da kike gani. Fure da aka yanke yana da rai, yana numfashi, yana ƙona abincin da ya taho da shi. Duk lokacin da zafi ya ƙaru da digiri 10, wannan ƙonawa tana ninkawa sau biyu ko fiye. Yawancin wardin da ake sayarwa a manyan shagunan biranenmu jirgi ne ke kawo shi, daga gonakin gefen tafkin Naibasha a Kenya, ko daga tsaunukan Habasha, wani kuma sai ya bi ta babbar kasuwar fure ta Alsmiya a ƙasar Holan. Can ana yanke shi da sassafe, a shigar da shi ɗakin sanyi mai digiri 2 zuwa 4, a cikin sanyin ake so ya zauna har ya iso. Ki lissafa da kanki: daga digiri 2 zuwa digiri 32 na falon da ba wuta, ninki uku ke nan a jere, wato aƙalla sau takwas. Kwana ɗaya a falonki ya ci masa abin da zai ci a fiye da mako guda a ɗakin sanyi. Wannan ne dalilin da ya sa wardi ke yi mana kyau a Jos, inda tudun ya kai kimanin mita 1,200 kuma dare ke da sanyi, amma da ya gangara Kano ko Sakkwato ko Maiduguri sai ya fara gaggawa.

Saboda haka ki nema masa wuri mafi sanyi a gidan. Kada rana ta taɓa shi ko ta taga. Ki nisanta shi daga saman talabijin da firji da jikin bangon da rana ke duka da yamma. Na'urar sanyaya ɗaki tana taimaka masa ƙwarai, muddin ba a ajiye shi daidai inda take huro iska ba. Haka fanka: iskar da ke kaɗa ganye tana kwashe ruwan jikinsa kamar yadda take busar da shanya. Da hunturu sanyin yana tare da ke, amma bushewar iskar tana shanye kwalba da wuri, sai ki riƙa leƙa ruwan safe da yamma. Da damina kuma matsalar ta juya. Laima tana kawo wata ruɓa mai toka-toka da ke farawa da ɗigo-ɗigo masu launin ƙasa a kan furen, don haka kada ki yayyafa wa kan wardi ruwa, kuma kada ki bar shi rufe cikin leda yana gumi.

Da dare, idan kuna samun wuta, kina iya ɗaukar kwalbar ki sa a firji, a ɓangaren ƙasa, nesa da inda ƙanƙara ke kamawa, ki fito da ita da safe. Wannan kaɗai yana ƙara kwanaki. Idan babu wuta, ki ajiye ta a ƙasa kusa da randa, ko ki zura ta cikin tukunyar ƙasa da aka naɗe da jiƙaƙƙen buhu a wurin da iska ke ratsawa. Dabarar sanyaya abu da tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, wadda Malam Mohammed Bah Abba ya yaɗa a ƙauyukan Jigawa har aka ba shi lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000, ilimi ɗaya ne da wannan, kuma da hunturu ko bazara, lokacin da iska ke bushe, tana aiki sosai.

Sai dai akwai sharaɗi kan firji, kuma shi zai kai mu ga maƙiyin da ba a gani. Ƴaƴan itace idan suna nuna suna fitar da wata iska mai suna etilin, ba ta da launi, hancinmu ma ba ya kama ta a irin wannan ƙanƙantar. Ita ce ke sa ɗanyar ayaba ta nuna da wuri idan aka rufe ta tare da nunanniya. Ga fure kuwa saƙo ne cewa lokaci ya yi, sai ya fara zubar da kansa. Wani masani ɗan Rasha, Dimitri Nelyubov, shi ya gano tasirinta a kan tsirrai a 1901, lokacin da ya lura iskar gas ɗin da ake kunna fitilu da ita tana karkatar da tsiron waken fis a ɗakin bincikensa. Ayaba, mangwaro, tuffa, gwanda, fiya da tumatir duk suna fitar da ita. Hayaƙi ma yana ɗauke da ita: na taba, na janareta, na salansar mota, na gawayi.

Na ga aikinta da idona a wata shekara da bazara. Na ɗauko furen kaneshan daga Jos zan kai wurin wani biki, na shirya su da kyau cikin kwali, sai a hanya aka haɗa mu da kwandon nunannen mangwaro a bayan motar, aka rufe. Da muka isa na buɗe kwalin, karan a tsaye yake ƙyam, ganyen shar, babu alamar ƙishirwa, amma kowane kai ya naɗe gefensa zuwa ciki kamar wanda barci ya kwashe. Na tsoma su cikin ruwa har asuba, ko ɗaya bai sake buɗewa ba. Ƙishirwa tana da magani, wannan ba shi da shi. Tun daga ranar ban sake yarda fure da kayan marmari sun shiga mota ɗaya ba.

Don haka kwanon ayabar da ke kan teburin cin abinci da kwalbar fure kada su zama maƙwabta, firjin da ke da tumatir ko tuffa kuma ba wurin kwanan fure ba ne. Ga kuma abin da ya shafi gidajenmu kai tsaye: turaren wuta. Na san babu ɗakin matar Kano da zai rasa shi, balle ɗakin amarya. Idan za ki turara, ki fitar da furen zuwa wani ɗaki, ki bari hayaƙin ya washe sannan ki dawo da shi. Idan kuma janareta yana kusa da tagar falo, ki sauya wa kwalbar wuri.

Wardin da ya sunkuya, in dai bai kwana biyu a haka ba, sau da yawa yana farfaɗowa. Ki miƙar da wuyansa da hannu, ki naɗe shi da takardar jarida tam har saman kai don ta riƙe shi a miƙe, ki bar ƙasan karan a waje. Ki datse santimita 5 cikin ruwa, ki tsoma shi a ruwa mai ɗumi irin na wankan jariri, kamar digiri 40, mai zurfi sosai, ki ajiye a wuri mai duhu da sanyi na awa biyu zuwa uku. Ruwan ɗumi ya fi saurin hawa, kuma iskar da ke narke a cikinsa ba ta kai ta ruwan sanyi ba. Idan kika kwance takardar kika ga wuyan ya tsaya da kansa, kin ci nasara. Idan wuyan ya riga ya yanƙwane ya yi baƙi, ki yanke kan ki ɗora shi a kwanon ruwa yana yawo, zai ƙara yi miki kwana ɗaya ko biyu.

Game da bikin, shawarata ta farko ita ce kada ki ɗora dukan adon a kan wardi. Wardi mai kyau da kulawa yana kai mako guda, wani lokaci ya ɗan wuce, amma a zafinmu kwana huɗu ko biyar ma an gode. Kaneshan da kirisantimom suna kai mako biyu, kuma suna jure wahala, muddin an raba kaneshan da hayaƙi. Furannin ƙasashe masu zafi, irin su anturiyom mai kama da zuciya yana sheƙi, da helikoniya, da okid, suna daɗewa sosai kuma zafi bai cika damunsu ba. Su kuma sanyi ne maƙiyinsu: ƙasa da digiri 10 zuwa 12 sai su yi baƙi, don haka ko kusa da firji kada su je. A cikin abin da ake iya shukawa a lambun gida akwai ziniya da furen sunfulawa da zakaran lambu mai jan tukku, duk suna son rana kuma suna tsayawa a kwalba. Furen dangin zoɓo da ake shukawa a bakin gida don ado kwana ɗaya yake yi ko a jikin uwarsa, kada ki wahalar da kanki a kansa. Idan daga lambu za ki yanka, ki fita bayan sallar asuba kafin rana ta ɗaga, lokacin karan na cike da ruwa, ki tafi da bokitinki a hannu, kina yanka kina tsomawa.

Wajen saye ki matsa gindin kan wardin a hankali da yatsa biyu. Idan ya yi tauri kamar albasa, sabo ne. Idan ya yi laushi, ya kwana da yawa. Ki leƙa bokitin mai shagon ki ga ruwansa, ki duba ƙasan karan ko ya yi baƙi. Ganyayen waje biyu ko uku na kan furen da suka ɗan yi kore-kore ko suka ƙuje ba aibi ba ne, garkuwarsa ce ta hanya, sai ranar ado ake cire su. Wardin da ya ƙulle tam kamar goro, ƙananan koren ganyen gindinsa ba su ko saki ba, an yanke shi da wuri, mai yiwuwa ba zai taɓa buɗewa ba.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Wardi ya iso hannunki kwana biyu kafin ranar, ki gyara shi yadda na bayyana, ki jera a bokitai masu tsabta da ruwa mai zurfi, ya kwana yana sha a ɗaki mai sanyi. Furen da ya ƙoshi da ruwa dare guda yana jure yinin biki, wanda aka sauke daga mota aka soka a ado kuwa kafin la'asar ya langaɓe. Furen lili, idan kin saye shi a rufe, yana bukatar kwana uku zuwa biyar kafin ya buɗe. Da ya buɗe ki sa tishu ki tsinke ƴan sandunan nan masu jan gari da ke tsakiyarsa, domin garin yana ɓata leshi da shadda. Idan ya zuba a tufafi kada a goge, kada a sa ruwa, a ɗora salatif a ɗage shi a hankali. Idan akwai kyanwa a gidan, lili kada ya shigo sam, ko ɗan garinsa ta lasa yana iya kashe mata ƙoda. Giladiyolas, mai dogon kara da furanni jere a jikinsa, a tsaye ake ajiye shi ko a mota, in ya kwanta na ƴan awanni kansa zai karkata sama kuma ba ya komawa.

Koren soson nan da masu ado ke soka fure a ciki, wanda aka fi sani da Oasis, yana da nasa ƙa'ida. Ki cika baho da ruwan da kika haɗa, ki ɗora soson a sama ki ƙyale shi ya nutse da kansa, minti ɗaya ko biyu ya isa. Idan kika danna shi da hannu, waje zai jiƙe, tsakiya ta kulle iska ta zauna a bushe, duk karan da ya faɗa nan ya mutu. Karan da kika soka kada ki ɗan janyo shi baya don gyara tsayi, domin bakin yankan zai rabu da soson. Ki zare shi gaba ɗaya ki soka a sabon wuri. Ki kuma riƙa ƙara masa ruwa, soso ba rijiya ba ne.

Ranar bikin a ɗauki furen a cikin motar da mutane ke zaune, da sanyi a kunne, ba a but ba. Idan a fili za a yi taron, adon fure shi ne na ƙarshe da za a fitar, bayan rana ta yi sanyi, kuma a nisanta shi daga janareta da kaskon turare. Ƙunshin da amarya za ta riƙe ki bar ƙasansa tsaye cikin kofin ruwa a ɗaki mai sanyi har sai an gama mata kwalliya an ce ta fito. A lokacin sai ki ɗauko, ki tsane karan da tawul sosai don kada ya ɗiga a kayanta, ki duba ko akwai ƙayar da ta rage inda hannunta zai kama, tunda ga sabon lalle, sannan ki miƙa mata.